Taguwar Baba da Allon Kantin Yahuza

Ku gyara zama 'yan'uwa mata, amma kada wadda ta yi saurin tausaya mini, don har yanzu ni kaina ban san wanda ya fi cancantar tausayi a gidanmu ba, ni ce, ko Baba, ko taguwarsa, wato raƙumarsa.

Sunana Sakinatu, 'yar Mailafiya mai fata, a nan Tanout. Na taɓa aure a Gangara, mijin ya rasu tun ba mu gama sanin halin juna ba, na dawo gida na yi takaba na gama. Kun san bazawara ana tambayar ra'ayinta. A gidanmu ma ana tambaya, sai dai bayan Inna ta gama yanke shawara.

Shekarar da Nasara suka ɗauke gwamna daga Damagaram suka kai Yamai, a shekarar Yahuza ya sauka garinmu. Dogo ne, baƙi mai sheƙi, da wushirya. Rigarsa farar alawayyo ce kullum kamar ba a ƙasa yake tafiya ba, ga jar dara, ga takalmi mai ƙara, ga agogon aljihu mai sarƙa wanda daga baya na gano ba ya tafiya. Ya sa aka gina masa ɗaki a bakin kasuwa, aka kafa wani shuɗin allo a saman ƙofa mai rubutun Nasara da hoton barewa. Sunan kamfanin ya fi ƙarfin harshenmu, sai muka riƙa cewa kanti mai barewa.

Yahuza ba ya ɓoye sharaɗin da ke tsakaninsa da kamfani, har alfahari yake yi da shi. Na ji shi da kunnena ranar da na je sayen sabulu, yana yi wa dattawa bayani.

"Suna nasu ne, allo nasu ne, kanti nawa ne. Kayansu kaɗai zan saida, akoko, alawayyo, shayi, sukari, ashana. Fatu kuma in saya in aika musu. Wanda duk ya kawo mini kaya ko ya yi mini dako, ni zan biya shi daga aljihuna kahin wata ya mutu, kamfani ba ruwanshi. In Mushe, Bature wakilinsu, ya zo rangadi wani ya ce ban biya shi ba, nan take za a biya mutumin da kayan kantina, a sauke allo, in koma inda na hito."

Baba ya dawo gida yana ta yabonsa. Ya ce bai taɓa ganin mutumin da ke nuna wa jama'a igiyar da ke wuyansa ba, wannan yaro mai gaskiya ne.

Sana'ar Baba a bayan taguwarsa take. Ita yake hawa ya bi rugage har wajen Tenhya, ya karɓo fatun awaki da na tumaki a hannun Fulani bisa amana, ya shanya, ya sayar, ya koma ya ba kowa nasa. Ba shi da shanu, gonarmu kuma ba ta kai mu damina. Taguwar nan ja ce, tsohuwa, mai mita, ta taɓa cizon Inna a kafaɗa, amma duk tuwon da na ci a duniya ita ta ɗauko shi.

Kayan farko da Baba ya kai wa Yahuza, tun bai gama sauke su ba aka biya shi. Na biyu ma haka. Da Sallar layya ta wuce, Baba ya tara fatun da bai taɓa tara irinsu ba, yawancinsu na mutanen Dado ne, wani dattijon Bafulatani da suka daɗe suna hulɗa. Ya kwashe duka ya kai kanti mai barewa. Yahuza ya duba, ya yaba, ya ce kafin wata ya mutu.

Watan yana da sauran numfashi Gwaggo Yagana dillaliya ta yi sallama gidanmu da ƙunshi a ka. Ta sauke a gaban Inna ta kwance. Zane ne mai ruwan ƙasa da ɗigon fari, irin wanda ba a taɓa gani a ƙasarmu ta Damergou ba, da kallabi, da mundaye, da goro, da kan sukari guda a cikin shuɗiyar takarda.

"Mai kanti ne ya gani yana so," in ji ta.

Inna ta shafa zanen kamar mai shafa kan jariri. "Sakinatu, zo ki gani."

"Na gani Inna."

"To me kika ce?"

"Ai ban ce komai ba tukuna."

"Kin ji Yagana, ta yarda. Kunya ce."

Da yamma na ce mata ina son in yi tunani. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Tunanin me? Mutum da allo a bisa kai? Sa'o'inki suna auren masu jaki, ke Allah ya aiko miki mai agogo. Ko so kike ki tsufa kina dama mana hura?"

Daga ranar Baba ya canza hanya. Da ta gaban kanti yake bi zuwa masallaci, sai ya koma zagayawa ta bayan mahauta. In kuwa tsautsayi ya haɗa su, Yahuza zai tuɓe takalmin nan mai ƙara tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai yana jero gaisuwa. Baba ya kau da fuska ya amsa a gaggauce ya wuce. Ku da kuka tashi a irin gidajenmu kun sani, mutumin kirki ba ya haɗa ido da mai neman 'yarsa, balle ya buɗe baki ya ce masa ina kuɗina. Wata ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya mutu. Gaisuwa kam an biya mu ita har da riba.

Ni kuma a lokacin ina can ina faɗawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so Yahuza, so irin na wadda ta taɓa aure ta san abin da take so. Gwaggo Yagana ta zama kamar tsuntsuwa tsakaninmu, kafin azahar ta shigo sau nawa.

"Ya ce a gaya miki shayin yau bai yi daɗi ba, don bai gan ki kin wuce ba."

"Ki ce mishi ya ƙara sukari, ai yana da shi."

Ta fita, jim kaɗan ta dawo tana haki. "Ya ce sukarin na kamfani ne, ke ce tashi."

Bayan la'asar yakan zo da kansa ya tsaya a inuwar katangarmu. In sa kwalli, in ɗaura zanen nan, in fito ina jan ƙafa kamar an tilasta ni. Yana ba ni labarin Damagaram, yana kwaikwayon yadda Mushe ke Hausa ta hanci, in yi dariya har in riƙe bango. Abin da ya fi kama ni, in na yi magana yana saurare har in gama. Marigayi mijina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa bari na kai ƙarshen zance ba.

Ana haka Dado ya zo. Ya zauna a zaure da sandarsa a gicciye bisa gwiwa, na kai musu fura. Ya yi zancen rijiyoyi, ya yi zancen ciwon da ya kama tumaki, ya tambayi lafiyar kowa har ta kaji. Kuɗi bai ambata ba. Sai da ya miƙe ya rataya malfarsa sannan ya ce, "Mailafiya, mutanena suna gaishe ka. Ruwa na faɗuwa za mu yi arewa."

Ranar Baba bai ci tuwo ba. Ina wanke kwanuka na ji yana gaya wa Inna cewa Mushe na nan tafe, kuma in har kasuwar da ke bayan zuwansa ta ci babu labari, zai kai taguwa a sayar ya sallami Fulani.

"Ka saida ta mu ci me?"

"Amanar mutane ce Jummai."

"To ka yi wa yaron magana mana."

"Da wane bakin?"

Inna ma ta san babu bakin. Ta dai ce in an ɗaura aure komai zai warware, ai kuɗin suruki kuɗin gida ne.

Washegari na tafi rijiya da tulu. Ina cikin jan guga na hango zanena yana tahowa a jikin wata. Ruwan ƙasa da ɗigon fari, har kallabin. Raishatu ce, 'yar Aghali madugun Abzinawa, wanda raƙumansa ke ɗauko kayan kanti daga Damagaram. Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa, na dube ta.

"Wa ya ba ki?" na ce.

"Wanda ya ba ki."

Na zaci zan ji wuta a ƙirjina, sai na ji sanyi. Ita kuwa dariya ta kama ta har ta zauna a bakin kwamin shayar da dabbobi.

"Me babanku ke binshi?"

"Fatu."

"Mu dako. Raƙumanmu sun yi ta jigila har kushin ƙafarsu ya ƙare. Tun da aka kawo zanen nan, Abbana in ya hango shi sai ya ja rawani har ido ya juya baya. Mu wajenmu ko ruwa ba ka sha a gaban suruki." Ta share hawayen dariya. "Ƙanwar Tanko magini ma tana da irinshi. Shi ya gina kantin."

"Mu uku ke nan."

"Saura ɗaya ya cika huɗu. Da Mushe na da 'ya, da tuni an kai mata nata."

Na yi dariya tare da ita, don ba zan bari Raishatu ta ga hawayena ba. Sai da na ɗau tulu na juya sannan suka zubo, suna haɗuwa da ruwan da ke ɗigo mini daga ka.

Da la'asar Yahuza ya zo kamar kullum, yana ƙamshin turare. Ban sa kwalli ba, na fito da tsohon zanena na saƙi.

"Yau lafiya, gimbiya?"

"Na ga Raishatu a rijiya. Zanen ya yi mata kyau."

Ya ciro agogon nan ya duba, ya mayar. Na jira ya rantse, ya ce sharri ne, har na shirya amsa. Bai yi ba.

"Sakinatu, rabin fatun sun tahi. Kamfani ya cire kuɗin kayan da ya zuba mini, ya cire na allo, ya ce wasu fatun suna da huji. Abin da ya rage ko raƙumi ɗaya ba ya biya wa dako. Sauran suna nan jibge a ɗaki. In na samu suka isa Damagaram zan sallami kowa, lokaci kawai nike nema."

"Shi ne ka saye bakin iyayenmu da zane."

"Da hwarko haka ne. Ba zan ɓoye miki ba."

"Yanzu fa?"

"Sauran gidajen aike nike yi. Nan da ƙahwata nike zuwa."

Ku ji fa abin da namiji ya ɗauka yabo ne. Kuma ku ji abin kunya, zuciyata ta karɓa. 

"In Baba ya yi magana gaban Mushe za a biya shi?"

"Za a biya shi. Ni kuma na ƙare."

Ya faɗa a hankali yana kallona, kamar wanda ya miƙo mini wuƙa ya ba ni wuya. Na shige gida ban yi masa sallama ba.

Kwanakin da suka biyo na auna abin ta kowace fuska. In na yi shiru, zan auri mutumin da nake so, in shiga kanti in riƙa shan shayi, Baba kuma ya zama tsoho mai sanda da ba ya iya zuwa ko Gangara. In na buɗe wa Baba baki, taguwa ta tsira, Yahuza ya bar gari a tozarce. Kullum in na fito tsakar gida sai in tarar da ita a durƙushe tana tuƙa, tana kallona da wannan ido nata na raini. Ban taɓa sonta ba, amma na san wadda ta ciyar da ni.

Safiyar da aka ce Mushe ya sauka a bariki, na wanke zanen na shanya, ya sha iska na ninke. Na haɗa da kallabi da mundaye. Sukarin Inna ta riga ta ci rabinsa, na naɗe abin da ya saura a takardarsa.

"Ina za ki da kayan nan?"

"Wurin mai su."

Ta tare ƙofa. "Sakinatu, in kika hita da ƙunshin nan kin kashe ni. Me zan ce wa mata?"

"Ki ce musu bazawara ce, an tambayi ra'ayinta."

Na raɓa ta gefenta na wuce. Al'ada ita ce a ba Gwaggo Yagana ta mayar a ɓoye, amma ni so nake duk Tanout ta shaida, don kada gobe wani ya ce Baba ya ci mutuncin suruki. Na ɗora ƙunshin a ka na ratsa tsakiyar kasuwa, ta rumfar masu gishiri, ta gaban masu cuku da dabino. Na tarar da Yahuza yana goge allon da tsumma. Na sauke a gabansa.

"Yahuza, ga kayanka. Na fasa."

Ya daina gogewa. Ya dubi ƙunshin, ya dube ni, tsumman na hannunsa. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi. Na juya da sauri, na sami Baba a ƙofar masallaci, na durƙusa.

"Baba, yanzu ba ka da suruki a garin nan."

Da hantsi aka kafa wa Mushe kujera a gindin aduwa da ke gaban kanti. Jajir yake kamar an gasa shi, yana fifita da hularsa, tafinta na tsaye a gefe. Mu mata muka tsaya daga bayan rumfuna muna leƙe. Tafinta ya ɗaga murya ya ce kamfani ba ya son a ɓata masa suna, duk wanda ya kawo kaya ko ya yi aiki ba a biya shi ba, ya fito.

Aka kira Aghali. Wani ya ce tun asuba ya kaɗa raƙumansa ya yi Abzin da iyalinsa duka, bai yi wa kowa sallama ba. Aka kira Tanko magini, aka ce ƙafa ta hana shi fitowa, mutumin da na gani jiya a kan tsani. Sai aka kira Mailafiya mai fata.

Baba ya miƙe ya gyara rigarsa. Yahuza na durƙushe a gefe, ba takalmi, kansa a ƙasa. Na riƙe ginshiƙin rumfa, ina addu'a biyu masu karo da juna, ban san wadda nake so a karɓa ba.

Tafinta ya ce, "Mailafiya, an biya ka kuɗin fatunka?"

Baba ya dubi ƙasa.

"An biya ni."

Tafinta ya juya maganar. Mushe ya washe baki, ya tashi ya bubbuga kafaɗar Yahuza, ya ce a duk masu riƙe da allonsu babu kamar na Damergou, za a ƙara masa kaya.

A gida ban iya jira ya zauna ba. Ban taɓa ɗaga murya gaban Baba ba, ranar ma ban ɗaga ba.

"Baba, don me? Na cire maka shi daga wuya."

"Da jiya na yi magana, sai a ce Mailafiya ya tozarta mai neman 'yarshi. Da yau na yi, sai a ce an fasa auren 'yarshi da safe, da hantsi ya huce a kan yaro. Ƙara mini kika yi Sakinatu, ba ki rage ba."

Inna tana bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba. "Ga shi nan. Ba miji, ba kuɗi, ba sukari."

Ranar kasuwa ni na ba taguwar harawa da hannuna, na cire mata kaska a wuya, ta yi ƙoƙarin cizona. Baba ya sa mata akala ya ja ta, bai hau ba. Na bi su da ido har suka sha kwana. Na koma ɗaki na kwanta rub da ciki, na yi kukan taguwa, na yi na Baba, na yi wani kukan da ba zan iya gaya wa Inna na waye ba.

Kafin la'asar ya dawo, akala a naɗe a hannunsa. Inna ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo ruwa, ta ɗauko tsumman da za a ƙulle wa Dado kuɗinsa.

"An saida?"

"An saida."

"Ta yi daraja?"

"Ta yi. Ya taya sama da kowa, a gaban dillalai duka."

"Wa?"

Baba ya sha ruwa ya ajiye ƙoƙon. "Mai kanti. Aghali ya tahi, ba mai kai mishi sauran fatun Damagaram. In ba su isa ba, ba wanda zai ga ko tamma ɗaya cikin kuɗinshi, har mu. Gobe zai ɗora mata kaya."

Inna ta dubi tsumman da ke hannunta. "Kuɗin taguwar fa?"

"Za a haɗa da na fatu."

Ta zauna a ƙasa daɓas, ba ta ko nemi kujera ba. Hadari na haɗowa daga gabas, ko yau ko gobe Dado zai yi sallama. Turken taguwa na nan a tsakar gida da sauran harawar da ba ta cinye ba. Ni ce mai baki a gidan, ni ce na ratsa kasuwa da ƙunshi a ka, duk suka juyo suna jiran abin da zan ce. Na tattara duk baƙar maganar da ta dace da Yahuza, na buɗe baki, kuma Allah ya yafe mini, ga abin da ya fito.

"Baba, ya yi zancena?"